Charles Steinmetz: Ɗan gudun hijirar da ya tsara lissafin taransifoma

A kowace unguwa da wutar lantarki ta kai, daga Katanga zuwa Jega, Aliero da Maiyama, akwai wani akwatin ƙarfe a kan dakali ko a tsakanin turaku biyu, yana gunji a hankali dare da rana. Ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya yi shiru. A ranar ne mai walda zai ajiye kayan aikinsa, mai sayar da ƙanƙara ya zuba ido hajarsa tana narkewa, mai injin niƙa ya koma sayen man dizal, manyan unguwa kuma su fara zagayen karo-karo. Sunan wannan akwati taransifoma. Lissafin da ake yi kafin a ƙera ta, da wanda ake yi don sanin iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, ya samu tsarinsa ne a hannun wani ɗan gudun hijira da ya sauka a Amurka a 1889 babu kuɗi a aljihunsa, har jami'an shige da fice suka kusa mayar da shi inda ya fito. Shi ne Charles Proteus Steinmetz.

Haihuwa da tasowa

An haife shi ranar 9 ga Afrilu, 1865, a birnin Breslau, wanda a lokacin yake hannun Jamusawa, yanzu kuma yake cikin ƙasar Poland da sunan Wroclaw. Sunan da aka raɗa masa shi ne Karl August Rudolf Steinmetz. Mahaifinsa ma'aikacin hukumar jirgin ƙasa ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana da kimanin shekara ɗaya, sai kakarsa ta ɗauki rainonsa.

Ya zo duniya da ƙusumbi da matsalar ƙugu, kuma har ya girma tsawonsa bai wuce ƙafa huɗu da 'yan kai ba. Wannan halitta gado ce, domin haka mahaifinsa da kakansa suke. Abin da jiki ya rage masa, kai ya cika masa. Ya yi fice a makarantar sakandare a lissafi da kimiyya, ya kammala da yabo, sannan ya shiga Jami'ar Breslau a 1883. A can ne abokansa ɗalibai suka laƙaba masa sunan Proteus, wani dattijon teku a tatsuniyoyin Girkawa da aka sani da yawan sani da sauya kamanni.

A wancan zamani gwamnatin Bismarck ta haramta ƙungiyoyin masu ra'ayin gurguzu da dokar 1878. Steinmetz ya shiga wata ƙungiyar ɗalibai masu wannan ra'ayi, kuma da aka kama wasu daga cikin jagororinta, shi ya karɓi aikin shirya jaridarsu. 'Yan sanda suka sa masa ido. A 1888, yana dab da karɓar digirinsa na uku a lissafi, ya ga babu sarki sai Allah, ya tsallaka zuwa birnin Zurich na ƙasar Suwizalan. Ya bar digirin, ya bar mahaifinsa, kuma bai sake zama a garin haihuwarsa ba.

A Zurich ya ɗan yi karatun injiniya, ya kuma haɗu da wani aboki mai suna Oscar Asmussen, wanda ya ja shi zuwa Amurka a 1889. Sun yi tafiyar a sashen talakawa na jirgin ruwa. Da suka isa New York, jami'ai suka dubi wannan gajeren mutum mai ƙusumbi, marar kuɗi, wanda ba ya jin Turanci sosai, suka ɗauka nauyi zai zama wa ƙasa. Sai da Asmussen ya tsaya masa aka bar shi ya shiga. Daga baya ya mayar da Karl zuwa Charles, ya kuma ɗauki laƙabin nan na Proteus ya zama sunansa na tsakiya.

Matsalar da ya tarar

Ya samu aiki a garin Yonkers, kusa da New York, a masana'antar Rudolf Eickemeyer, wani Bajamushe da shi ma gudun siyasa ya kawo shi Amurka. Masana'antar ta yi suna wajen ƙera injunan yin huluna, sannan ta shiga ƙera injunan lantarki. An ɗauke shi ne a matsayin mai zanen injuna, amma ba a daɗe ba maigidan ya gane abin da ke kansa, ya ba shi ɗakin gwaji.

A lokacin ana tsakiyar gardama kan irin wutar da ta dace a raba wa birane. Thomas Edison yana goyon bayan wuta mai tafiya hanya ɗaya, irin ta batir. George Westinghouse kuwa ya rungumi wuta mai kai-da-komo, wadda ke juya alƙiblarta sau da yawa a cikin daƙiƙa. Abin da ya ba ta biyun rinjaye shi ne taransifoma. Michael Faraday ya gano tushenta a Landan a 1831, injiniyoyin kamfanin Ganz na birnin Budapest suka fitar da ita a siffar da ta dace da aiki a 1885, William Stanley kuma ya haskaka wani titi da ita a garin Great Barrington na Amurka a 1886.

Ginin taransifoma ba shi da wuyar fahimta. Naɗin waya ne guda biyu a jikin ƙarfe ɗaya, ba tare da sun taɓa juna ba. Wutar da ta shiga naɗin farko tana haifar da maganaɗisu a cikin ƙarfen, shi kuma maganaɗisun, saboda yana ta sauyawa, sai ya haifar da wuta a naɗi na biyu. Abubuwa biyu ake aunawa a nan. Akwai ƙarfin turin wuta, wanda ake aunawa da bolt, akwai kuma yawan wutar da ke kwarara a waya, wanda ake aunawa da amfiya.

Don sauƙaƙa lissafi, injiniyoyi sukan fara da ƙaddara wata taransifoma marar aibu, wadda ba ta zafi, ba ta kuma zubar da komai. Dokarta gajeriya ce. Idan naɗin farko ya fi na biyu yawan zagaye sau 50, turi zai ragu sau 50, kwarara kuma ta ƙaru sau 50. A ce bolt 11,000 ne ya shiga, bolt 220 zai fito. Idan shagunan da ke layin suna jan amfiya 100, amfiya 2 kacal za a ja daga babban layi. In aka ninka turi da kwarara a kowane ɓangare, 22,000 za a samu. Abin da ya shiga shi ne ya fita, kamar mai canjin kuɗi da ya karɓi takardar dubu ɗaya ya ba da 'yan ashirin-ashirin guda hamsin bai cire ko kwabo ba.

Amfanin wannan canji yana cikin doguwar tafiya. Zafin da waya ke yi, wanda asara ce, yana ƙaruwa ne da ninkin kwarara a kan kanta. Idan aka rage kwarara sau 50, asarar za ta ragu sau 2,500. Shi ya sa wutar da ke barin madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, take tafiya zuwa Birnin Kebbi a kan bolt 330,000, a sauke ta a can zuwa 132,000 da 33,000, sannan ƙananan taransifomomi su sauke ta zuwa abin da ƙwan fitila da firji za su iya ɗauka.

Sai dai taransifoma marar aibu a takarda kawai take. Ta zahiri tana zafi, kuma a 1889 babu wanda zai iya faɗa tun kafin ƙira yawan zafin da za ta yi. Sai an kashe kuɗi an ƙera, an kunna, sannan a gani. In ta ƙone, a sake wata. Wannan ita ce matsalar da aka ajiye a gaban sabon ma'aikacin Eickemeyer.

Dokar asara a cikin ƙarfe

Ƙarfe yana da wata ɗabi'a ta jan ƙafa. Idan aka cusa masa maganaɗisu ta wata fuska, sannan aka juya, ba ya sakin na farko nan take. Sai an kashe wani ƙarfi kafin ya juya, kuma wannan ƙarfi zafi yake komawa. A Najeriya, inda wuta ke kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, ƙarfen kowace taransifoma yana yin wannan juyi sau 50 a daƙiƙa, ko ana jan wuta ko ba a ja. Wani masanin ƙasar Sukotlan, James Alfred Ewing, shi ya raɗa wa wannan ɗabi'a sunan histeresis, ya kuma auna ta a ƙarafa iri-iri. Abin da ya rage shi ne dokar da za ta haɗa waɗannan alƙaluma.

Steinmetz ya zauna da alƙaluman Ewing, ya ƙara da nasa gwaje-gwaje, har ya gano cewa asarar tana bin wata ƙa'ida tsayayya. Tana tashi da sauri fiye da maganaɗisun kansa, bisa ma'aunin da masu lissafi ke rubutawa da lamba 1.6. A aikace, idan aka ninka maganaɗisu sau biyu, asara za ta ninku kusan sau uku. Idan aka ƙara shi da kashi 10 cikin 100, asara za ta ƙaru da kimanin kashi 16. Ya fara wallafa wannan a ƙarshen 1890, sannan ya gabatar da cikakken bayani a gaban Cibiyar Injiniyoyin Lantarki ta Amurka a watan Janairun 1892, bai cika shekara 27 ba.

Daga ranar, mai ƙera injin lantarki ko taransifoma yana iya zama da alƙalami ya san yawan ƙarfen da zai sa, da irinsa, da zafin da zai fito, tun bai sayi ko kilo ɗaya na jan ƙarfe ba. Ga 'yan kasuwar da ke zuba jari a wannan sabuwar sana'a, bambancin riba da faɗuwa ke nan.

A 1892 aka haɗa kamfanin Edison da na Thomson-Houston aka kafa General Electric. Sabon kamfanin ya sayi masana'antar Eickemeyer a 1893, kuma Steinmetz yana cikin abin da ya samu a cinikin. Ya fara aiki a garin Lynn, sannan a 1894 aka mayar da shi Schenectady a Jihar New York, inda ya shugabanci sashen lissafi. A nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Lissafi mai gida biyu

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma. A wuta mai kai-da-komo, turi da kwarara duk suna hawa suna sauka, amma ba lallai su yi haka a lokaci ɗaya ba. Kamar mata biyu ne masu daka a turmi ɗaya. Saurinsu ɗaya, amma taɓaryar wannan tana sama lokacin da ta waccan take ƙasa. Ƙwan fitila da dutsen guga suna jan wuta daidai da turi. Duk abin da ke da naɗin waya kuwa, kamar injin niƙa, fanka, famfon ruwa da injin walda, yana sa kwarara ta riƙa zuwa a makare.

Wannan jinkiri yana rikita tarawa. Bolt 3 da bolt 4 suna iya ba da 7, suna iya ba da 5, suna iya ba da 1, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Mutumin da ya yi tafiyar kilomita 3 gabas, sannan ya juya ya yi 4 arewa, kilomita 5 ne tsakaninsa da inda ya tashi. Injiniyoyin wancan lokaci suna warware irin wannan ne da dogon lissafin da 'yan kaɗan suka iya, ko da zane-zanen kibiyoyi waɗanda ke cakuɗewa da zarar layuka sun yi yawa.

A watan Agustan 1893, a babban taron masana lantarki na duniya da aka yi a Chicago, Steinmetz ya gabatar da mafita. Ya nuna cewa ana iya rubuta kowane turi da kowace kwarara da lamba mai gida biyu. Gida ɗaya yana ɗauke da abin da ke tafiya daidai da lokaci, ɗayan kuma yana ɗauke da abin da ya makara ko ya riga. Duk ɗan kasuwar da ke riƙe littafi mai layi biyu, ɗaya na kuɗin hannu ɗaya na bashi, ya san hikimar. Ana tara kowane layi daban, sai a ƙarshe a haɗa. Masu lissafi sun daɗe da sanin irin waɗannan lambobi, kuma Arthur Kennelly ya yi amfani da su a wata takarda a farkon wannan shekarar. Steinmetz ne ya gina su suka zama cikakkiyar hanya, wadda ta mayar da lissafin wuta mai kai-da-komo ya zama tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa.

Mafi yawan waɗanda suka saurare shi a Chicago ba su gane ba. Littafin da ya wallafa a 1897 tare da mataimakinsa Ernst Berg, kan ka'ida da lissafin wuta mai kai-da-komo, shi ma 'yan kaɗan ne suka iya bin sa da farko. Steinmetz ya fahimci cewa laifin ba na hanyar ba ne, injiniyoyin ne ba a koya musu lissafin da ya isa ba. Sai ya juya ga koyarwa. Ya shugabanci sashen injiniyan lantarki na kwalejin Union da ke Schenectady daga 1902 zuwa 1913, ya rubuta littattafan karatu masu sauƙi, ciki har da na lissafin injiniyoyi da ya fito a 1911. Ya kuma shugabanci Cibiyar Injiniyoyin Lantarki ta Amurka daga 1901 zuwa 1902. Kafin ya rasu, hanyarsa ta zama ita ce ake koyarwa a ko'ina.

Da wannan hanya ne taransifoma marar aibu ta zama abin aiki na gaske. Ana ɗora ta a tsakiyar zane, sannan a rataya mata aibobinta ɗaya bayan ɗaya: turjiyar wayar jan ƙarfe, maganaɗisun da ke zillewa bai kai naɗi na biyu ba, da asarar cikin ƙarfe. Haka kuma ana iya ɗauko nauyin da ke ɓangaren masu amfani a mayar da shi ɓangaren babban layi. A misalin da ya gabata, shagunan da ke jan amfiya 100 a kan bolt 220 suna da turjiyar om 2.2. Idan aka ninka ta da 2,500, wato 50 sau 50, za a samu om 5,500, kuma wannan ne nauyin da babban layi yake ji. A raba 11,000 da 5,500, amfiya 2 za ta fito, daidai da amsar farko. Hanya biyu sun kai gida ɗaya.

Mai ƙera tsawa

Steinmetz bai taɓa yarda lissafi ya tsaya a takarda ba. Sai an gwada. Fanni na uku da ya ba da ƙarfinsa a kai shi ne abin da ke faruwa a layi cikin ƙiftawar ido, lokacin da aka kunna ko aka kashe wuta, ko tsawa ta faɗa. Ya wallafa littafi a kan haka a 1909. Tsawa ita ce babbar abokiyar gabar dogayen layuka da taransifomomi, amma ba a iya kiran ta ɗakin gwaji, ba a kuma san inda za ta faɗa ba.

A 1920 tsawa ta faɗa wa bukkarsa ta hutu da ke bakin ruwa a wajen gari, ta farfasa wani madubi. Maimakon ya share, sai ya sa aka tattara gutsattsarin aka jera su, don ya ga hanyar da wutar ta bi. Daga nan ya gina wata na'ura mai tara wuta ta sake ta gaba ɗaya, da turin da ya haura bolt 100,000 da kwararar amfiya 10,000, a cikin wani ɗan ƙanƙanin yanki na daƙiƙa. A 1922 ya nuna ta a gaban 'yan jarida, ta tsaga itace da ƙara mai firgitarwa. Jaridu suka yi ta yayata shi a matsayin mai ƙera tsawa. Manufarsa dai a fili take. Yana son a gwada na'urorin kare tsawa a ɗaki, a ga wadda za ta riƙe, kafin a ɗora su a kan layin da birni ya dogara da shi.

Gida da siyasa

Bai yi aure ba, domin yana tsoron kada 'ya'yansa su gaji halittarsa. Amma ba ya son zaman kaɗaici. Ya ɗauki mataimakinsa a ɗakin gwaji, Joseph LeRoy Hayden, a matsayin ɗa bisa doka. Hayden da matarsa da 'ya'yansu suka zauna tare da shi a gidansa na titin Wendell, yaran suka zama jikokinsa. A gidan yana kiwon 'yan kadoji da hankaki da wasu dabbobin da ba a saba gani ba, yana kuma renon tsirran sahara. An san shi da sigarin da ba ya rabuwa da bakinsa, da kuma yin lissafi a cikin kwalekwale yana shawagi a kan ruwa.

Ra'ayin da ya kore shi daga Jamus bai bar shi ba, ko da yake ma'aikacin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya ne. Da ɗan gurguzu George Lunn ya ci zaɓen magajin garin Schenectady a 1911, Steinmetz ya shiga hukumar ilimi ta garin, har ya shugabance ta. A zamaninsa aka kawo ciyar da ɗalibai, da ma'aikatan jinya a makarantu, da littattafai kyauta, da azuzuwa na musamman ga 'ya'yan baƙi. Ya kuma shugabanci majalisar garin. A 1922 ya rubuta wa Lenin yana tayin taimakawa wajen kai lantarki sassan Rasha, Lenin ya amsa da godiya, amma maganar ba ta je ko'ina ba. A wannan shekarar ya yi takarar kujerar babban injiniyan Jihar New York, bai samu nasara ba.

A kakar 1923 ya yi doguwar tafiya zuwa yammacin Amurka yana gabatar da laccoci. Ya dawo a gajiye, ya kwanta, zuciyarsa ta tsaya ranar 26 ga Oktoba, 1923, yana da shekara 58. An binne shi a maƙabartar Vale da ke Schenectady. Ya bar takardun mallakar ƙirƙira sama da 200.

Abin da ya bari

Tsarin da ya bi, wato a yi lissafi sannan a gwada kafin a kashe kuɗi, shi ne har yau ake bi, sai dai ɗakin gwajin farko ya koma cikin kwamfuta. A 1973 Jami'ar California da ke Berkeley ta fitar da manhajar SPICE, wadda Laurence Nagel ya rubuta a ƙarƙashin Farfesa Donald Pederson. Ita da 'ya'yanta, kamar LTspice, suna kwaikwayon yadda wuta za ta gudana a zanen da aka ba su. Idan aka nemi su warware wuta mai kai-da-komo, da lambobin nan masu gida biyu suke aiki.

Ɗalibin injiniya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, yana iya bin sawun Steinmetz a zama ɗaya. Zai warware misalin nan na 50 da 1 da hannu, ya samu amfiya 2. Sannan ya zana shi a manhaja, ya haɗa naɗi biyu da cikakken haɗi don su yi kama da taransifoma marar aibu, ya duba ko amsa ta zo ɗaya. Idan ta saɓa, akwai kuskure a wani wuri, kuma sau da yawa ana samun sa ne a juya kan naɗi, ko a manta cewa wutar da ake kira bolt 220 ƙololuwarta tana kaiwa kimanin 311. Idan ta dace, sai ya fara rataya aibobin taransifomar zahiri, ya ga yadda turi ke faɗuwa yayin da nauyi ke ƙaruwa.

Wannan lissafi ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci kamar yadda ya shafi ɗalibi. A jikin kowace taransifoma akwai farantin da aka rubuta iyakarta da haruffan kVA. Mai 300 tana iya ba da kimanin amfiya 417 a kowane layi daga cikin ukun da ke fita daga gare ta. Idan injuna masu naɗin waya suka yi yawa a layin, har kashi 80 cikin 100 ne kawai na wutar ke zama aiki, kilowat 240 za ta bayar, alhali wayoyinta suna ɗauke da cikakken nauyi. Idan aka ɗora mata abin da ya wuce iyakarta da kashi 20, zafin wayoyinta zai ƙaru da kashi 44. Zafi ne ke cin rufin waya a hankali, har ranar da za a ji ƙara, unguwa ta yi duhu.

Duk waɗannan alƙaluma ana iya fitar da su a takarda ɗaya, kafin a ja layi zuwa sabon rukunin shaguna ko a kafa wani injin sarrafa shinkafa. A da ba a iya yin haka cikin sauƙi. Mutumin da ya sa aka iya shi ne wanda jami'an tashar New York suka duba suka ga ba shi da abin da zai amfana wa kowa.